Yadda ake sharhin katun ɗin jarumai da wasannin bidiyon da aka ɗauko daga littattafan zane

Mutane da yawa suna ɗaukar sharhi a kan katun ɗin jarumai irin su Batman da Spider-Man, ko a kan wasan bidiyon da aka gina daga littattafan labarin zane, a matsayin abu mai sauƙi, wai tunda abin yara ne, ya isa mutum ya ce ya yi kyau ko bai yi kyau ba. Wannan ra'ayi kuskure ne. Ayyukan nan ma'aikata masu ɗimbin yawa ne suke shafe shekaru suna yin su, kuma da dama daga cikinsu ba domin yara aka yi su ba sam. Bayan haka, wanda ya zo karanta sharhinka yana da tambaya ta gaske a ransa: shin zai kashe datarsa ya sauke zango guda, shin zai cire kuɗi ya sayi wasan, shin zai iya barin ɗansa ko ƙanensa ya zauna gaban talabijin shi kaɗai? Jin daɗin da kai ka ji ba ya amsa masa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da zai amsa masa shi ne hujja, wato abin da idonka ya gani a wani minti takamaimai, da abin da yatsunka suka yi a kan hannun gem, da bayanin dalilin da ya sa abin ya yi aiki ko ya gaza. Matakan da ke tafe duk a kan tara wannan hujja da shimfiɗa ta suke.

Mataki na farko: ka san daga ina abin ya fito

Kowane ɗaya daga cikin jaruman nan yana da tarihi mai tsawo kafin ya iso talabijin. Superman ya fara fitowa a 1938 daga hannun Jerry Siegel da Joe Shuster, Batman ya biyo baya a 1939 daga Bob Kane da Bill Finger, Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙiro Spider-Man a 1962, sannan Lee da Jack Kirby suka kawo X-Men a 1963. Ba wanda yake bukatar ka karance mujallun shekara tamanin kafin ka buɗe baki. Abin da ya wajaba ka sani shi ne wane kamfani ya yi aikin, a wace shekara, wace tasha ce ta nuna shi, da kuma su wa aka nufa da shi.

Maganar tasha tana da muhimmanci fiye da yadda sabon mai sharhi yake zato. Shirin Spider-Man da tashar Fox Kids ta nuna daga 1994 zuwa 1998 an yi shi ne ƙarƙashin dokoki masu tsauri na shirye-shiryen yara. Shi ya sa da wuya ka ga jarumin ya kai wa mutum naushi, bindigogin da ake harbawa na haske ne ba na harsashi ba, kuma Morbius, wanda a littafi mai shan jini ne, a shirin ba a barinsa ya ambaci jini, kuma ta tafin hannunsa yake tsotsar abin da yake bukata. Wanda bai san wannan ba zai rubuta cewa marubutan ba su iya tsara faɗa ba, alhali hannunsu ne a ɗaure. A ɗaya ɓangaren akwai Invincible, wanda Prime Video ya fara nunawa a 2021 daga littattafan Robert Kirkman da suka fito tsakanin 2003 da 2018. Shi na manya ne tsantsa, kowane kashi ya ninka na tsofaffin shirye-shiryen yara tsawo, kuma babu wata tasha da ta hana shi zubar da jini. Ba adalci ba ne a auna waɗannan biyu da mudu ɗaya.

A nan ne kuma ya kamata ka yanke wa kanka shawara game da bin littafi sau da ƙafa. Akwai masu sharhin da duk aikinsu shi ne lissafa wuraren da shiri ya saɓa wa littafin asali, kamar dai saɓawar ita kanta laifi ce. A ganina wannan raggon ma'auni ne. Harley Quinn, wadda yau take cikin fitattun taurarin kamfanin DC, ba ta cikin kowane littafi kafin Paul Dini da Bruce Timm su ƙirƙiro ta a cikin Batman: The Animated Series a 1992, daga baya ne littattafan suka aro ta daga katun. Don haka idan ka ga an canza wani abu, tambayar da za ka yi ita ce me canjin ya ƙara wa labarin, me ya rage masa.

Mataki na biyu: ka kalla sau biyu, da biro a hannu a karo na biyu

Kallon farko ka yi shi yadda kowane mai kallo zai yi, ba tsayawa, ba rubutu, domin ka san inda zuciyarka ta kamu da inda ka fara duba waya. Idan ka gama, ka rubuta layi uku ko huɗu na abin da ya rage maka a rai. A kallo na biyu ne aikin yake. Ka riƙa tsayar da hoto, ka rubuta lambar kashi da minti, ka koma baya ka sake kallon wurin da ya burge ka har sai ka gano me aka yi a wurin. Kada ka yanke hukunci a kan zango guda alhali kashi biyu ka kalla. Idan kuwa lokaci bai ba ka dama ba, ka faɗa wa mai karatu iya inda ka tsaya.

Ka lura da jerin da kake bi wajen kallo, domin a tsofaffin shirye-shirye jerin da aka yi su daban yake da jerin da aka nuna su. A shirin Batman na 1992, kashin da aka fara yi shi ne On Leather Wings, amma wanda tasha ta fara nunawa shi ne kashin farko na The Cat and the Claw. Wani lokaci ruɗanin da kake gani a labari daga wannan ya taso, ba daga marubuci ba.

Mataki na uku: zane da motsi

A nan ne yawancin masu sharhi suke gajiyawa, su ce zanen ya yi kyau su wuce. Abubuwa uku ne mabambanta suke ɓoye a ƙarƙashin wannan magana, kuma tilas ka raba su: siffar da aka ba mutanen labarin, zanen wuraren da suke tsaye a ciki, da kuma yadda jikinsu yake motsi.

Game da wurare, misalin da ya fi kowanne koyarwa shi ne Gotham, birnin Batman, a shirinsa na 1992. Al'adar masu katun ita ce a yi zanen bayan fage a kan farar takarda, amma Eric Radomski da abokan aikinsa suka yi nasu a kan baƙar takarda, suna ɗora launi mai haske a inda suke son fitila ko wata ya haska. Sakamakon haka duhu ne asalin birnin, haske kuwa baƙo ne a cikinsa. Suka kuma haɗa motoci da tufafi da gine-gine irin na shekarun 1940 da kwamfutoci na zamani, ta yadda ba za ka iya cewa ga shekarar da labarin yake faruwa ba. Idan ka rubuta wa mai karatu wannan, ka ba shi abin da zai gani da idonsa in ya koma kallo. Idan kuwa ka tsaya a kan cewa shirin yana da duhu, ba ka ƙara masa komai ba.

Game da motsi, ka sani cewa fim yana gudana ne a kan hoto 24 a kowace daƙiƙa, amma katun ɗin talabijin yakan riƙe zane ɗaya na tsawon hoto biyu ko uku domin rage aiki. Wannan ba aibi ba ne a karan kansa. Aibin shi ne a riƙe hoto a inda ya kamata jiki ya motsa, ko fuskar jarumi ta canza siffa daga fage zuwa fage, ko naushi ya sauka ba tare da ka ji nauyinsa ba. Hanya mafi sauƙi ta horar da ido ita ce ka kalli labarin mugun nan Clayface mai kashi biyu a shirin Batman na 1992, Feat of Clay, a zama ɗaya. Kashi na farko kamfanin AKOM na Koriya ta Kudu ne ya zana motsinsa, na biyu kuwa kamfanin TMS na Japan. Labari ɗaya ne, muryoyi ɗaya, amma bambancin a fili yake. A ƙarshen kashi na biyu, mugun yana tsaye a ɗakin sarrafa shirye-shiryen talabijin, allunan da suka kewaye shi suna nuna masa fuskokin da ya taɓa fitowa da su lokacin da yake ɗan wasan fim, jikinsa na laka yana ƙoƙarin zama kowace fuska a lokaci guda har ya kasa riƙe kansa. Ka tsayar da wurin hoto bayan hoto, za ka ga kowace narkewa an zana ta da nauyinta. Daga wannan za ka koyi ɗabi'ar da ba za ka bari ba har abada, wato karanta sunayen ma'aikata a ƙarshen kowane kashi, kamar yadda mai sayen babbar riga yake juya ta ya duba ɗinkin ciki kafin ya yi tayi.

Kada kuma sauƙin siffa ya ruɗe ka. The Spectacular Spider-Man, wanda ya yi kashi 26 kacal tsakanin 2008 da 2009, an kushe shi da farko saboda siffofinsa ba su da ado, alhali da gangan aka sauƙaƙa su domin masu zane su samu damar motsa su da sauri da laushi a lokacin faɗa. Shiri mai siffofi masu cike da layuka da inuwa yakan yi kyau idan an tsayar da hoto, ya kuma sandare da zarar ya fara tafiya.

Mataki na huɗu: murya da kiɗa

Ka rufe idonka ka saurari fage guda. Kevin Conroy, wanda ya rasu a 2022, ya yi suna ne a shirin Batman na 1992 saboda ya ba Bruce Wayne, wato Batman idan ya cire kayan jarumta, murya mai sauƙi da fara'a, ya ba Batman wata mai zurfi, har mai sauraro yakan gane wanda ke magana ko bai ga allo ba. Andrea Romano, wadda ta jagoranci ɗaukar muryoyin, takan tara 'yan wasan a ɗaki ɗaya su yi magana da juna, shi ya sa hirarsu take fita kamar ta gaske. Kiɗan kuwa Shirley Walker ce ta jagorance shi da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, kuma manyan mugayen kowanne da nasa take. Abin da za ka nema a kowane shiri shi ne ko muryar ta dace da jikin, ko kiɗa yana danne magana, da kuma ko an san lokacin da ya kamata a yi shiru. Idan fassararren kwafi ka kalla, ka faɗa, domin hukuncinka a kan murya bai shafi na asali ba.

Mataki na biyar: labari, musamman mugu

Ƙarfin labarin jarumi yana ga abokin gabarsa. Tunda mai kallo ya riga ya san jarumin ba zai mutu ba, abin da zai riƙe shi shi ne dalilin mugun da kuma abin da nasarar za ta ci wa jarumin. Kafin 1992, Mr. Freeze ɓarawo ne kawai mai bindigar ƙanƙara. A kashin Heart of Ice na shirin Batman, Paul Dini ya mayar da shi masanin kimiyya da ya daskarar da matarsa Nora mai ciwon ajali domin ya samu lokacin nemo magani, sai shugaban kamfanin da yake wa aiki ya zo ya rufe gwajin da ƙarfi, hatsarin da ya biyo baya ya sa mutumin ba zai sake iya rayuwa a cikin ɗumi ba. Cikin minti ashirin da 'yan kai, mai kallo ya tsinci kansa yana tausayin wanda Batman yake farauta, kuma Batman ɗin kansa sai da ya tona asirin shugaban kamfanin. Kashin ya ci lambar yabo ta Emmy a fannin rubutu, daga baya kuma littattafan suka rungumi wannan tarihi. Saboda haka ka tambayi kowane shiri: me mugun yake so, kuma da an cire masa kayan yaƙi, labarinsa zai iya tsayawa?

Ka duba kuma ko shirin irin wanda kowane kashi yake cin gashin kansa ne, ko irin wanda zango guda labari ɗaya ne, kamar yadda X-Men na 1992 zuwa 1997 ya riƙa jan zare daga kashi zuwa kashi. Na farko ana auna shi da yadda yake buɗe labari ya rufe cikin ƙanƙanen lokaci, na biyu kuma da ko ya cika alkawuran da ya ɗauka a farkon zango.

Ma'aunin bai canzawa idan aikin daga nahiyarmu ya fito. Supa Team 4, wanda Malenga Mulendema 'yar Zambiya ta ƙirƙiro kuma Netflix ya fara nunawa a 2023, da Iyanu na Roye Okupe ɗan Najeriya, wanda ya fito a 2025 daga littattafan zanensa masu tushe a al'adun Yarbawa, sun cancanci a duba zanensu da rubutunsu da idon da aka duba na Amurka. Yabon da aka yi saboda tausayi ko kishin gida ba ya amfanar masu aikin da komai.

Mataki na shida: idan wasa ne, hannu ne alƙali

A katun kana kallon jarumi, a wasa kuwa kai ne jarumin, don haka babbar tambayar ita ce ko abin da yatsunka suke yi minti bayan minti ya yi daidai da halin wanda aka ce kai ne. Wasan Superman da kamfanin Titus na Faransa ya fitar a kan Nintendo 64 a 1999 ya shahara a cikin mafi munin wasannin da aka taɓa yi, kuma dalilin a fili yake: an ba ka mutumin da ya fi kowa ƙarfi a duniya, aka sa ka ɓata lokaci kana ratsa zobba a sararin sama kafin agogo ya cika, cikin hazon da ya rufe birnin, da maɓallan da ba sa jin umarni. Shekara goma bayan haka, kamfanin Rocksteady na Landan ya fitar da Batman: Arkham Asylum, wanda ya nuna yadda ake yin abin.

Yana da kyau mai sharhi ya san wasan nan ciki da waje, domin wasanni da yawa sun kwaikwaye shi. Faɗan hannu a cikinsa ya dogara ne a kan maɓallai kaɗan: ɗaya na duka, ɗaya na tare hari idan alama ta bayyana a saman kan abokin gaba, ɗaya na ruɗa shi da alkyabba, ɗaya na tsallakewa. Wahalar tana cikin kiyaye lokaci da lura da mutum goma a lokaci guda, ta yadda wanda ya natsu zai ratsa taron ba tare da an taɓa shi ba, wanda kuma yake dannawa barkatai zai sha duka. Amma da zarar ka shiga ɗakin da masu gadi suke riƙe da bindiga, lissafi ya canza, domin harsashi kaɗan ne zai kashe ka. Dole ka haye gumakan da ke manne a saman bango, ka jira ɗaya ya ware daga 'yan uwansa, ka sauko ka ɗauke shi ka koma duhu. Yayin da suke raguwa za ka ji muryoyinsu suna rawa, suna tafiya baya da baya, suna harbin inuwa. Wasan bai tsaya ya faɗa maka cewa Batman mutum ne kamar kowa mai amfani da tsoro a matsayin makami ba, ya sa ka aikata hakan da hannunka. Irin wannan bayani ne mai karatu yake bukata daga gare ka. Ka kuma faɗi aibin da ka gani, kamar yadda tabarau na bincike, wanda yake nuna maka ƙasusuwan abokan gaba ta bayan bango, ya yi amfani da yawa har ɗan wasa yakan bar shi a kunne, ya ƙare wasan bai ga kyan ginin da aka sha wahalar zanawa ba.

Ka ware sakin layi domin tafiya, tunda ita ce abin da ɗan wasa ya fi yi. Spider-Man 2 na kamfanin Treyarch a 2004 ya yi fice saboda zaren gizon yana kama gini na gaske, idan babu gini kusa babu lilo, kuma wasan Spider-Man na kamfanin Insomniac na 2018 ya ɗora a kan wannan a cikin birnin Niyok. Gwajin da za ka yi mai sauƙi ne: idan wasan ya ba ka damar tsallakawa kai tsaye zuwa wurin aiki, kana amfani da ita ko ka fi son ka yi tafiyar da kanka? Amsarka hujja ce. Ka duba bos-bos ma, wato manyan abokan gaba da ake karawa da su a wasan. Faɗa da Mr. Freeze a Arkham City na 2011 ana yawan kafa misali da shi saboda duk dabarar da ka cim masa da ita sau ɗaya, zai toshe ta, sai ka nemo wata. Ka kwatanta wannan da bos ɗin da ake bugawa sau uku ta hanya ɗaya ya faɗi.

Ba kowane wasan littafin zane ne na faɗa ba. The Walking Dead na 2012 da The Wolf Among Us na 2013, dukansu na kamfanin Telltale, a kan zaɓin magana da yanke shawara suke. Irin waɗannan sai ka sake buga wani sashe ka zaɓi akasin abin da ka zaɓa da farko, domin ka ga ko labarin ya canza da gaske ko hanyoyin duk wuri ɗaya suke kai wa.

Mataki na bakwai: na'ura, kuɗi da intanet

Ka rubuta a kan wace na'ura ka buga, a wane matakin wahala, da kuma ko ka kai ƙarshen labarin. Wasa ɗaya yakan zama abu biyu a na'urori biyu. Arkham Knight ya fito a watan Yunin 2015 yana tafiya lafiya a PlayStation 4 da Xbox One, amma na kwamfuta ya zo da matsaloli masu yawa har kamfanin Warner ya dakatar da sayar da shi, bai dawo kasuwa ba sai a watan Oktoba. Wanda ya buga a PlayStation ya yaba wa mai kwamfuta ba tare da ya faɗi na'urarsa ba, ya cuce shi.

Ga mai karatun Hausa akwai bayanan da masu sharhin Turai ba su cika damuwa da su ba, amma a wurinmu su ne kan gaba. Nawa ne girman abin da za a sauke? Wasan yana tafiya ba tare da intanet ba? Yana adana inda ka tsaya da kansa, ko idan aka ɗauke wuta sai ka koma baya? Ana iya bugawa mutum biyu a allo ɗaya, yadda ake yi a gidan gem, kamar Injustice na 2013? Sannan ka bi diddigin kuɗin da ake nema bayan an shiga. Wasannin waya irin su Marvel Contest of Champions kyauta ake sauke su, amma ana samun jarumai ne ta hanyar buɗe lu'ulu'un da ba ka san abin da zai fito daga ciki ba, kuma ana iya sayensu da kuɗi. Iyaye da yawa za su ga kamannin wannan da caca, don haka haƙƙinsu ne ka sanar da su. Ka faɗi kuma ko wasan yana da tabbacin ɗorewa, domin Marvel's Avengers da ya fito a 2020 an cire shi daga kasuwannin intanet a ƙarshen Satumban 2023.

Mataki na takwas: wa ya dace ya kalla

Ka kawo alamar shekaru da hukumomi suka sa. A Turai tsarin PEGI yana amfani da lambobin 3, 7, 12, 16 da 18, a Amurka kuma ESRB tana amfani da haruffa, inda T take nufin matasa, M kuma manya. Arkham Asylum yana da T, amma Arkham Knight yana da M, ko da yake jarumi ɗaya ne. Alamar kaɗai ba ta isa ba, domin abin da waɗancan hukumomi suke ɗauka da sauƙi, kamar shigar da ke bayyana jiki, ko sumba, ko wasa da sunan alloli da tsafi, yana iya zama shi ne abin da magidanci a Kano ko Damagaram ya fi son a gaya masa. Ka faɗi abin da ke ciki a fili cikin ladabi, ka bar masa hukunci.

Mataki na tara: rubutawa

Ka fara da hukuncinka a sakin layi na farko, tare da sunan aikin, shekararsa, kamfaninsa da inda ake samunsa. Taƙaita labari kada ya wuce jimla uku ko huɗu, kuma ya tsaya a kan abin da tallar shirin ta riga ta nuna. Akwai ayyukan da daɗinsu yake rataye a kan abu ɗaya, kamar mintunan ƙarshe na kashin farko na Invincible. Wanda ya tona wannan a sharhi ya ƙwace wa mai kallo abin da ba zai dawo ba. Idan tilas ne ka tattauna irin wannan wuri, ka ajiye shi a ƙasa, ka sa gargaɗi bayyananne kafinsa.

Daga nan ka zaɓi abubuwa biyu ko uku da suka fi nauyi a littafin da ka cika da rubutu, ka zurfafa a cikinsu, sauran ka ambace su a taƙaice ko ka bar su. Kowane yabo da kowace suka ka haɗa su da wuri takamaimai, kashi kaza, fage kaza. Ka yi hattara da ƙaunar abin da ka kalla kana yaro, domin takan rufe ido. Idan tsohon shiri kake dubawa, ka sake kallonsa yanzu kafin ka rubuta, kuma ka bambanta abin da ya kawo sabo a zamaninsa da abin da har yau yake da daɗin kallo. Idan kamfani ne ya ba ka wasan kyauta, ka faɗa. Maki kuwa, in za ka bayar, ka bayyana abin da kowace lamba take nufi a wurinka, kuma ka tabbata ya yi daidai da abin da ka rubuta, kada ka cika shafi da suka sannan ka ba da tara cikin goma.

A ƙarshen rubutun ka sa ranar da ka buga wasan da lambar sigar da ka buga. Kamfanoni suna turo gyara ta intanet bayan fitowa, wani lokaci su kawar da matsalar da ka soka, wani lokaci kuma su ƙara hanyoyin karɓar kuɗi da babu su a ranar farko. Idan irin wannan ya faru, ka koma ka sake gwadawa, ka ƙara sakin layi a ƙasan sharhin mai ɗauke da sabuwar rana da abin da ya canza, ka bar tsohon rubutun yadda yake domin mai karatu ya ga duka biyun.